Asalin Lambik da Giyar Rasberi Mai Tsami ta Ƙasar Beljiyam

A ƙasar Beljiyam, kudu maso yamma da birnin Brussels, akwai wani yanki na gonaki da ƙananan tuddai da ake kira Pajottenland. Wani ɗan kogi mai suna Senne ya bi ta gefensa ya shige cikin birnin. Nan ne mahaifar wata irin giya da ake ce wa lambik. Tana bugarwa kamar kowace giya, saboda haka ba abin shan Musulmi ba ce. Amma labarinta ya cancanci a sani, domin a cikinsa ne za a ga yadda mutane suka yi aiki da halittun da ido ba ya gani, tun kafin a san akwai su.

Idan aka zuba wadda aka haɗa da rasberi a kofin gilashi, sai a gan ta ja wur, kumfarta ruwan hoda. Shi rasberi wani ɗan itace ne ja, mai laushi, na ƙasashen sanyi. Ƙamshinsa ne ke fara isa hanci, sa'an nan wani wari ya biyo baya, irin na barga da tsohon sirdi. Wanda ya kurɓa yana jiran zaƙi, tsami zai tarar, mai sa yawu ya tsinke, da ɗan bauri a ƙarshe. Baƙo yakan ɗauka ta lalace ne. Alhali kuwa haka masu ita suke nufinta, kuma sukan yi shekara biyu ko uku kafin su kai ta nan.

A zamanin da, babu mai dafa giya a Turai da ya san abin da ke juya ruwan hatsi ya zama giya. Abin da suka sani shi ne, in an dafa an ajiye, zai tashi. Sai Louis Pasteur, masanin Faransa, ya tabbatar da cewa wasu ƙananan halittu ne ke wannan aiki, yis da bakteriya, ya kuma buga littafinsa a kan giya a 1876. A 1883 Emil Christian Hansen, wanda ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Kofanhagan, ya gano yadda za a ware yis iri guda a yi ta rainonsa shi kaɗai. Daga nan manyan masana'antu suka rufe tukwanensu, suka hana iska shiga, suka riƙa zuba yis ɗin da suka zaɓa. Giya ta zama mai saurin nuna, ɗanɗanonta kullum iri ɗaya.

Mutanen kwarin Senne ba su bi wannan hanya ba, suka tsaya a kan ta kakanninsu. Ga yadda suke yi har yau. Sukan haɗa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama, alkamar ta kai aƙalla kashi 30 cikin ɗari. Su jiƙa su a ruwan zafi, su tace ruwan, su tafasa shi sa'o'i da dama tare da furen hof wanda aka ajiye ya tsufa kamar shekara biyu zuwa uku, ɗacinsa ya ragu amma ƙarfinsa na hana ruɓa yana nan. Da yamma sai a tura ruwan da zafinsa zuwa ɗakin da ke can ƙarƙashin rufi, cikin wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe marar zurfi. A buɗe tagogi, kowa ya tafi gida. Ruwan ya kwana yana hucewa, halittun da ke cikin iska da jikin katakon ginin suna sauka a kansa. Ba a zuba masa yis ko kaɗan. Matar da ta jiƙa gero ta bar kamu ya kwana biyu har ya yi tsami ta san irin wannan aiki, don ita ma ba ta zuba komai ba.

Ba a yin wannan dahuwa sai lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, domin iskar zafi cike take da ƙwayoyin da ke ɓata ruwan. Da gari ya waye, a ɗura shi cikin gangunan katako, galibi waɗanda aka taɓa ajiye ruwan inabi a ciki. A nan halittun suke karɓar aiki bi da bi. Yis na gama-gari ya fara cinye sukari mai sauƙi cikin watannin farko. Bakteriyar da ake kira Pediococcus ta biyo baya ta kawo tsami. Daga ƙarshe wani yis na daji mai nawa, Brettanomyces, ya yi wata da watanni yana cinye ragowar sukarin da saura suka kasa, kuma shi ne mai kawo warin nan na barga. A 1921 masana biyu, Kufferath da Van Laer, suka ware shi daga lambik, aka laƙaba wa nau'insa sunan birnin Brussels.

To, ina rasberi ya shigo? Manoman yankin suna da lambuna, kuma ɗan itace ba ya jiran kowa in ya nuna. Sai suka riƙa zuba shi cikin lambik da ta tsufa. Wadda aka sa wa ceri mai tsami ita ce kriek, wadda aka sa wa rasberi kuma framboise. Sukarin ɗan itacen yakan tada yis ɗin da ya kwanta, ya cinye shi ƙaf cikin 'yan watanni. Launi da ƙamshi su tsaya, zaƙi ya tafi. Sa'an nan a ɗura a kwalba, ta ƙara tashi a ciki, kumfa ta samu. A lokacin zuba 'ya'yan itace ƙananan ƙudaje sukan yi yawa, shi ya sa a tsofaffin gidajen ba a kashe gizo-gizo, ba a kuma share saƙarsa, don shi ke kama su.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta kusa mutuwa. Lemon kwalba ya yaɗu, bakin mutane ya saba da zaƙi. Gidaje da yawa suka rufe, waɗansu kuma suka koma ƙara sukari da dafa giyar don kashe yis ɗinta. Kaɗan ne suka dage. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a unguwar Anderlecht a 1900, ya shiga ƙunci, har mai riƙe da shi, Jean-Pierre Van Roy, ya mai da shi gidan tarihi a 1978 domin masu ziyara su taimaka a ci gaba da dahuwa. Frank Boon ya karɓi wata tsohuwar masana'anta a garin Lembeek a shekarun 1970 ya raya ta. A 1997 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar HORAL don kare hanyar gargajiya, a 2016 kuma UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Yau masu saye sun dawo, daga Amurka har Japan, amma wata damuwa ta taso wadda kasuwa ba ta maganinta. Lambik tana bukatar dare mai sanyi sosai, kuma ɗumamar yanayi tana rage irin waɗannan darare. A kakar 2015 sai da Cantillon ya dakatar da dahuwa na ɗan lokaci saboda dararen sun ƙi yin sanyi. Ba za a magance wannan da injin sanyaya ruwa ba, domin da zarar an rufe farantin an raba shi da iskar waje, abin da zai fito ba lambik ba ne.