Salwa da Injin Ƙyanƙyasa a Yammacin Kano

Salwar da ake kiwo yau a gidajen Arewa ba ta daji ba ce. 'Yar Japan ce, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, ta shigo da ita Najeriya a 1992. Tana fara ƙwai da mako shida zuwa bakwai, tana iya zuba 250 ko fiye a shekara, amma ba ta kwanci. Daɗewar zuriyarta a keji ta raba ta da wannan ɗabi'a.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan Karaye da Rogo, irin su Daura ta Karaye. Tun kaka da kakanni ake zuba wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. Sai dai dabarar ba ta karɓi salwa ba, domin ƙwanta giram 10 ne kacal, ɓawonsa ba kauri, kaza na murƙushe shi. Dole aka koma ga inji.

A inda wutar Nepa ba ta zama, akwatin katako mai fitilar kananzir ne ya fara riƙe sana'ar. Mai shi yakan yi wa kowane ƙwai alama da fensir, ya juya shi sau uku ko biyar kullum, idonsa kan ma'aunin zafi kada ya kauce wa digiri 37.5. Ranar 14 a daina juyi, a ƙara ruwa, a rufe. Ranar 17 ko 18 'yan tsaki su fito. Masu wannan wahalar sun san ƙwai fiye da na bayansu.

Wajen 2013 kasuwa ta yi zafi, aka riƙa tallar ƙwan salwa a matsayin maganin ciwon suga da hawan jini. An ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Abinci ne mai gina jiki, shi ke nan. Daga baya farashi ya faɗi, masu kiwo da yawa suka watse.

Waɗanda suka tsaya sun koma ga ƙananan injinan Sin masu juya ƙwai da kansu, ana haɗa su da batir da sola. Injin bai kawar da matsalar hunturu ba: iska na busar da tantanin ƙwai, ɗan tsako ya maƙale ya mutu a ciki, sai an kula da tiren ruwa. Wanda ya fito kuma bai fi babban yatsa ba, don haka ake zuba tsakuwa a mazubin ruwansa kada ya nutse.