Ledar Gilashin Kanti da Hannun da Ke Manna Ta

A shekarar 1982 wani kamfani da ke jihar Konetikat a Amurka, Gerber Scientific Products, ya fito da inji mai suna Signmaker III. A kan tebur ake ɗora shi: ka buga kalmomin da kake so, wata 'yar wuƙa ta bi kan leda mai gam a bayanta ta yanko haruffan. Masu rubutun allon kanti da buroshi sun daɗe suna kallon wannan shekara a matsayin wadda aka yi wa sana'arsu jana'iza, kuma har yau haka ake ba da labarin: inji ya zo, gwaninta ta mutu, kowa ya zama mai rubutu. Mu da ke cikin sana'ar bai kamata mu ci gaba da maimaita wannan labari ba, domin rabin gaskiya ne. Gwanintar tana nan da ranta, wurin zama ta sake. Ta bar bakin buroshi ta koma hannun mai manna leda a gilashi, kuma rashin gane hakan ya fi injin kansa yi wa sana'ar illa.

Sai an duba abin da tsohon mai rubutu ya sani kafin a fahimci abin da inji ya ƙwace masa. Yakan zana rubutun a takarda, ya huda layukan da ƙananan ramuka, ya ɗora a gilashi ya bubbuga da ƙunshin garin gawayi ko alli, zanen ya fito ɗigo-ɗigo, sannan ya bi da fenti. Idan aikin banki ne ko ofishin lauya, ta cikin kantin yake yi, rubutun a juye, ya jiƙa gilashin da ruwan da aka narkar da jelatin a ciki, ya ɗora ganyen zinare wanda numfashi ma kan iya yaga shi. Siffar harafi ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da shekarun koyo suka ba shi. Ya san tazarar da ke tsakanin haruffa, wadda ido ke aunawa ba ma'auni ba. Ya san halin gilashi: maiƙon yatsa ɗaya yana hana abu kamawa, gilashin da rana ta gasa daban yake da na sanyin safiya. Injin 1982 siffar harafi ya ɗauke. Sauran duk ya bar wa mutum, sai dai ba a gaya wa masu sayen injin haka ba.

Ita ledar ta girmi injin nesa ba kusa ba. A 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda za a tausasa robar PVC ta riƙa lanƙwasuwa. A 1935 Stanton Avery ya fara yin takarda mai gam da ake ɓarewa a manna ba tare da an jiƙa ta ba, a shekarun 1950 kuma kamfanin 3M ya fito da ledar Scotchcal. A ɗaya ɓangaren, dabarar Pilkington ta yin gilashi a kan narkakkiyar kuza, wadda aka sanar a Ingila a 1959, ta sa faffaɗan gilashi mai santsi ya yi araha, gaban kanti ya zama fili mai jiran rubutu. Tun farko leda iri biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba bai shiga sana'ar ba tukuna. Akwai wadda ake zuba ta a narke ta bushe a shimfiɗe, siririya ce, kaurinta kusan maikuron 50, ba ta cika motsi ba bayan an manna. Akwai wadda ake murzawa tsakanin manyan ƙarafa kamar yadda ake murza kwaɓin fulawa, ta fi kauri, ta fi araha, amma ba ta manta cewa ja aka yi mata ba. Da zafi ya dake ta sai ta fara komawa. Duk wanda ya ga harafi a gilashin kanti da baƙin zare kewaye da shi ya ga sakamakon: ledar ce ta tsuke ta bar gam a fili, ƙura ta zo ta zauna.

Manna ƙaramar sitika aikin yaro ne, kuma daga nan ruɗin ya samo asali. Leda mai tsawon mita biyu wata aba ce daban. Bayan inji ya yanka, sai an zauna da tsinin wuƙa an tsince duk abin da ba rubutu ba, har cikin cikin "a" da "o", aikin da masu sana'ar a Amurka suka ara wa sunan cire ciyawa a gona. Sannan a shimfiɗa takarda mai sassauƙan gam a kai domin ta ɗauko haruffan gaba ɗaya ba tare da tazararsu ta gurɓace ba. A wanke gilashi, a goge da sifirit, har kusurwoyin da datti ke maƙalewa a bakin firam. A auna, a ja baya a duba daga tsallaken titi, domin firam ɗin kanti sau da yawa a karkace yake, kuma rubutun da ya yi daidai da ma'auni kan iya zama karkatacce a ido. Sai a kafe aikin da salatif a tsakiya daga sama zuwa ƙasa, a ɗaga rabi kamar marfin ƙofa, a ɓare takardar baya a yanke ta, a riƙe ledar a miƙe kada ta taɓa gilashin, a bi da faffaɗar robar shafewa daga tsakiya zuwa gefe, kowane ja yana hawa kan rabin na baya. In da ruwa za a yi, ɗigon sabulu kaɗan ake sawa a kwalbar feshi, kuma dole a kore ruwan duka, a yi haƙuri gam ya kama kafin a janye takardar saman a kwance, ba a fizge ta sama ba. Idan iska ta kaɗa gefe ɗaya ya naɗe ya manne da kansa, aikin yini ya tafi. Mai zinare da ke jiƙa gilashi da jelatin zai gane wannan aiki da kallo ɗaya.

Masu suka suna cewa leda ta mayar da titunan duniya fuska ɗaya, kuma suna da hujja. Injinan farko salon haruffa kaɗan suke da shi, Helvetica ta cika ko'ina, mai sayar da magani da mai sayar da taya suka zama da rubutu iri ɗaya. A ƙasar Hausa asarar ta fi haka zafi, domin yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, lanƙwasar da mai buroshi ke ƙarawa da juyin hannu ɗaya, sai ga kantuna suna rubuta "kofa" suna nufin "ƙofa". Amma a duba tarihi da kyau. Ƙungiyar Letterheads, wadda ta yi tsayin daka wajen raya rubutun hannu, an kafa ta ne a Denba ta jihar Kolorado a 1975, shekara bakwai kafin Signmaker. Matasa masu koyo ne suka fara haɗuwa saboda tsofaffin dabarun sun riga sun fara ɓacewa daga wuraren aiki. Koyarwa ce ta fara lalacewa, inji ya zo ya tarar da ɓaraka. Wuƙar inji duk abin da aka ba ta za ta yanka, har da ƙ mai lanƙwasa, in wanda ke gaban kwamfutar ya san ana bukatarta kuma ya damu.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: ai kamfanoni sun kusa kawar da wahalar mannawa. Gaskiya ne 3M da Avery Dennison sun ƙirƙiro gam mai ƙananan hanyoyin da iska ke bi ta fita, da wanda ba ya kamawa sai an danna, kuma hakan ya rage kumfa sosai a jikin mota da allo. Sai dai gilashi ba ya rufa asiri. Ana ganin aikin ta gaba da baya, haske na ratsa shi, saƙar hanyoyin iskar ma takan bayyana, shi ya sa leda garai-garai har yanzu gam mai santsi take so, da ruwa da haƙuri. Kuma kowane sauƙi da aka samu, girman aiki ya cinye shi. Daga injin Gerber Edge na 1993 zuwa manyan injinan tawada da suka biyo baya, an tashi daga yanka haruffa an koma buga hoto mai rufe gaban kanti duka, falle-falle, wanda dole fuskar da ke jiki ta haɗu daidai a kowace mahaɗa. Ledar nan mai huji-huji da kamfanin Contra Vision ya yi suna da ita, wadda na ciki ke ganin waje amma na waje talla yake gani, a bushe ake manna ta, domin ruwa maƙalewa yake a ramukan. Baƙar leda a kan rabin gilashi kan tara zafi wuri ɗaya har gilashin ya tsage. A Kano ko Maraɗi kuwa, mai aiki na fama da hunturun da ke zuba ƙura a kan gam cikin daƙiƙa, da bazarar da ke sa leda ta yi laushi ta miƙe a hannu, abin da ya sa masu hankali ke fitowa da sassafe.

Akwai sukar da ba ni da amsarta sai amincewa. Leda ba ta kai zinaren gilashi daɗewa, wanda kan yi shekaru gommai, kuma idan ta mutu shara ce mai wuyar sarrafawa, ita da takardar bayanta. Cire ta ma aiki ne: a ɗumama, a ja a hankali, a wanke ragowar gam, a kiyaye reza kada ta karce gilashin mutane. Inda na fi jin ciwo shi ne lissafin kuɗi. Tun da aka yarda cewa injin ne gwanin, sai aka koma sayar da aiki da awon mita, mannawa ta zama gyara, kamar abin da mai tumatir ke ƙara wa mai saye. Aka bar ta a hannun yaron shago mafi ƙarancin albashi, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa bambancin ledar zubi da ta murza, aka miƙa masa tsani da kwalbar feshi da tsakar rana, alhali sunan mai kantin da zai yi shekara uku ko biyar a bakin titi yana hannunsa.