Jinin Mutum a Jijiyarsa

A 1886 wani likitan fiɗa na Edinbara, John Duncan, ya ba da labarin wani mutum da jirgin ƙasa ya murƙushe wa ƙafa. Yana yanke ƙafar yana tara jinin da ke zuba, ya haɗa shi da maganin hana daskarewa, ya mayar wa mai shi ta jijiya. Mutumin ya tashi. A zamanin, sa wa majinyaci jinin wani caca ce, domin sai 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunan jini. A 1914 Johannes Thies na Leipzig a Jamus ya yi wa matan da ciki ya fashe musu a wajen mahaifa irin wannan dabara: ya kwashe jinin da ya taru a cikinsu, ya tace, ya mayar.

To me ya sa aka yi watsi da ita? A ganina, samun wuri ne. Da aka buɗe bankin jini a asibitin Cook County na Chicago a 1937, wasu suka bi sahu, likita ya saba da miƙa hannu a ba shi kwalba. Tara jini a tsakiyar fiɗa ya koma aikin wahala da ƙazanta a idonsu. Suna da 'yar hujja kuwa: gudaji da ƙwayoyin cuta na iya bin jinin, kuma wata na'ura ta shekarun 1970 ta riƙa tura iska cikin jijiya har aka janye ta.

Ƙanjamau ce ta juya su. A shekarun 1980, da aka gane jinin banki na ɗauke da cutar, sai ga majinyata a Amurka da Turai suna ajiye jininsu makonni kafin fiɗa, likitocin da suka raina abin suna ba da shawararsa. Da gwajin jini ya inganta, ɗokin ajiyar ya sake lafawa.

Inda bankin ke wayam kuwa, ba a taɓa dainawa ba. A asibitoci da dama na Afirka, ludayi da ƙyallen tacewa ne suka ceci mata masu fashewar ciki. A Tangiyeta, arewacin Benin, likitocin asibitin mishan sun ƙera wani mazurari mai ƙananan huji, ana nutsa shi cikin majinyaciya, jinin ya tsatso a tace, a zuƙe shi zuwa leda, a ɗaura mata tun tana kan gadon fiɗa.