Lilin, Auduga Da Ulu: Amfanin Zaren Asali Ga Lafiya, Gida Da Ibada

Duk wanda ya taɓa sanya rigar yadin roba a tsakiyar watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Lokoja, ya san yadda take liƙe wa jiki da zarar zufa ta karyo. Ba laifin tela ba ne. Dalilin yana cikin zaren da aka saƙa yadin da shi.

Zaren tufafi iri biyu ne. Akwai na asali, wanda ake samu daga tsiro ko dabba, kamar auduga, lilin, rama, ulu da siliki. Akwai kuma na roba, irin su foliyesta da nailan, waɗanda ake sarrafawa daga man fetur. A shekarar 1941 aka ƙirƙiro foliyesta a Ingila, amma a yau ya haura rabin dukkan zaren da ake samarwa a duniya. Domin tunatar da jama'a darajar na asali, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2009 a matsayin shekararsa, ta kuma amince da 7 ga Oktoba a matsayin Ranar Auduga ta Duniya, bisa shawarar ƙasashen Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali.

Mene ne lilin?

Lilin, wanda Larabawa ke kira kattan, ana samunsa daga ɓawon karan wani tsiro mai shuɗin fure da ake kira filas. Tsiron yana son ƙasa mai sanyi da laima, kuma yana isa girbi cikin kimanin kwana 100. Ba a yankansa. Tuge shi ake yi da saiwa domin kada zaren ya gajarce. Daga nan sai a shimfiɗa shi a gona, raɓa da ruwan sama su ruɓar da ɗankon da ya riƙe zaren, sannan a busar, a farfasa karan, a taje, a kaɗa. Wanda ya san yadda ake jiƙa rama kafin a ɓare ta a tufka igiya zai gane aikin nan take.

Lilin na cikin tsofaffin yadi a tarihin ɗan Adam. Da shi Misirawan dā suke naɗe gawarwakin sarakunansu, kuma wata rigar lilin da aka tono a Tarkhan ta ƙasar Masar, wadda ke ajiye a wani gidan tarihi a Landan, ta haura shekara 5,000. A yau Faransa ce kan gaba wajen noman filas na zare, ana kuma nomansa a Beljiyam da Holan. Lilin da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da shi, shi ya sa ya fi auduga tsada.

Amfaninsa ga lafiya

Jikin mutum yana sanyaya kansa ne ta hanyar zufa: idan ta bushe a kan fata, sai ta tafi da zafi. Saboda haka yadin da ya dace da ƙasa mai zafi shi ne wanda ke tsotse zufa ya kuma bar iska ta ratsa. Zaren auduga kan riƙe laimar da ta kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, lilin kimanin kashi 12, ulu ya fi haka, alhali foliyesta bai kai kashi 1 ba. Lilin yana da wani fifiko kuma: zarensa na da ɗan tauri, don haka ba ya manne wa fata, kuma yana saurin bushewa.

Zufar da ta taru a ƙarƙashin yadi tana haifar da ƙurajen zafi, musamman ga jarirai, tana kuma ba ƙwayoyin cutar fata damar yaɗuwa a hammata da matsematsi. Wannan ne ya sa likitoci kan ba da shawarar kayan ciki na auduga, da sakakkun tufafi ga yara da masu ƙaiƙayin fata. Sai dai ulu mai kaushi yakan ƙara wa masu irin wannan lalura ƙaiƙayi, don haka ya fi kyau a sa shi a kan wata riga a lokacin hunturu.

Akwai kuma batun wuta, wanda ya shafi duk mai shiga ɗakin girki. Auduga da lilin suna kama wuta da sauri, amma toka suke zama. Yadin roba kuwa narkewa yake yi ya liƙe a fata, abin da ke ƙara zurfin ƙuna. Ulu ne ya fi duka jinkirin kamawa.

Duk da haka, tufafi ba magani ba ne. Maganar da ake yaɗawa a kafafen sada zumunta cewa lilin na da wani ɓoyayyen ƙarfi mai warkar da cuta ba ta da hujja a kimiyya. Mara lafiya asibiti ya kamata ya nufa. Haka kuma ba kowane abin roba ne abin gudu ba: gidan sauro mai magani da zaren roba ake yinsa, kuma yana cikin manyan matakan kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

A cikin gida

Auduga da lilin suna ƙara ƙarfi idan sun jiƙe, shi ya sa suke jure wanki da ruwan zafi da guga. Zanen gado na lilin yakan ƙara laushi da kowane wanki, kuma tsummansa ba ya barin burbushi a kan kofin gilashi. Magabata sun san irin wannan amfani: matashin audugar rimi, tabarmar kaba, gwado na saƙar hannu, da buhun algarara wanda ke barin amfanin gona ya sha iska.

Idan irin waɗannan kaya suka tsufa, suna ruɓewa su koma ƙasa. Yadin roba kuwa yakan daɗe bai ruɓe ba, kuma a duk wanki yana zubar da ƙananan ɓarɓashin roba da ke bin ruwa zuwa rafuka da teku.

Zaren asali ma yana da nasa rauni. Lilin yana saurin yamutsewa, auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, asu yana cin ulu, kuma duk wanda aka ajiye da laima a damina zai yi fumfuna. Noman auduga ma yana cin ruwa da maganin ƙwari da yawa.

A wajen ibada

A Musulunci an kwaɗaitar da sanya fararen tufafi da yi wa mamaci likkafani da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa an yi wa Annabi Muhammadu (SAW) likkafani da fararen tufafi uku na auduga, saƙar ƙasar Yaman. Maza mahajjata suna yin harami da ƙyalle biyu marasa ɗinki, kuma a zafin Makka na auduga ya fi sauƙi ga jiki. An haramta wa maza siliki aka halatta wa mata, amma an yi wa Abdurrahman bin Auf da Zubairu bin Awwam (RA) rangwamen sanya shi saboda ƙaiƙayin da ya dame su, alamar cewa an lura da alaƙar tufafi da lafiyar fata tun a wancan zamani.

A Littafi Mai Tsarki na Kirista, lilin yana nuni ga tsarki. Littafin Firistoci sura 16 ya umarci babban firist ya sa tufafin lilin a Ranar Kafara. Linjilar Matiyu sura 27 ta ce Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe jikin Yesu Almasihu da lilin mai tsabta. Yahudawa masu riƙo da Attaura kuwa har yau suna guje wa tufar da aka gauraya ulu da lilin, bisa hanin da ke Maimaitawar Shari'a sura 22.

Abin da muke da shi a gida

Wanda bai da halin sayen lilin bai yi asara ba, domin auduga tana ba da mafi yawan amfaninsa, kuma ana nomanta a jihohi irin su Katsina, Zamfara, Kano da Gombe. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya tarar da yadin auduga da aka saƙa aka rina a can yana kai wa har Tambutu da Tarabulus. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957. Duk da cewa da yawa daga manyan masaƙun ƙasar sun rufe, saƙar hannu tana nan: saƙi da turkuɗi a ƙasar Hausa, aso-oke a ƙasar Yarabawa, akwete a jihar Abiya, da anger na Tibi. Ko a nan ma zaren roba ya shigo, don haka sai an tambaya.

Yadda za a gane na gaskiya

Ba duk yadin da aka kira lilin ko auduga a kasuwa ne tsantsa ba. Wani gauraye ne, wani kuma foliyesta ne da aka saƙa da kamannin lilin. Mai saye ya fara duba rubutun da ke gefen yadin ko wuyan riga. Sannan ya dunƙule gefensa a tafin hannu ya saki: lilin na gaske zai riƙe yamutsewar, na roba zai miƙe.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne a zare 'yan silin zare a ƙona su a waje, da ruwa a kusa. Auduga da lilin suna warin ƙonannar takarda, su bar toka mai laushi. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, su bar baƙin dunƙule mai murmushewa a yatsa. Idan kuwa zaren ya narke ya zama ƙwallo mai tauri, to roba ce, kuma bai kamata a biya kuɗin lilin a kanta ba.