Samanja Mazan Fama: Ɗan Sarkin Da Ya Zaɓi Dandali

Yau zan ɗan jingine labarin da muke ciki, domin in tuna da wani bawan Allah da ya yi mana rana muna yara.

A Kakuri na tashi, kudancin kogin Kaduna, lokacin da masaƙu irin su KTL da UNTL ke busa jiniya safe da yamma. Gidan haya muke, kuma a shekarun 1980 talabijin ɗaya ce tak a gidan, baƙi-da-fari, ta wani maƙwabcinmu Bakatafe. In dai ranar Samanja ce, to tsakar gida zai fito da ita, Hausawa da Yarbawa da Ibo kowa ya jawo tabarma.

Sunansa na yanka Usman Baba Pategi. Banufe ne, an haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya kama aiki a gidan rediyon Arewa, wanda ya buɗe talabijin a 1962. Daga nan ya shiga soja zamanin yaƙin basasa, bai tuɓe kaki ba sai 1985. Sarautar gidansu kuwa bai bi ta kanta ba, wasan kwaikwayo ya riƙe.

A bariki ya samo jarinsa. Ya lura da yadda samanja ke tsawata wa kurata, ya ɗauko wannan ya kai Rediyon Kaduna da talabijin ta NTA. Hausarsa ta barikanci ce, a cakuɗe da Turanci da buroka, yana mayar da mace namiji a magana, yana zare ido yana buga ƙafa. Ba dai a rasa darasi a ƙarshe, ko kan cin amana, ko zaman aure, ko zaluntar na ƙasa.

Abin da ban gane ba sai da na girma na fara rubutu shi ne, Hausar nan da muke yi wa dariya ita ce ta gidanmu. Da ita mahaifiyata ke cinikin doya da matar Ibo, shi ya sa kowa ke jin Samanja nasa ne.

Rikicin shekarar 2000 ya watsa wannan zama. Muka tattara muka haye gada zuwa Tudun Wada, maƙwabcinmu ya nufi Sabon Tasha, masaƙar KTL ma ta rufe a 2002. Tun daga nan ban sake sa shi a ido ba.

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah Ya yi wa Samanja rasuwa a Kaduna yana da shekara 81. Da na ji labari, mai talabijin ɗin nan ne ya fara faɗo mini a rai, ko yana raye, ko ya ji. Allah Ya jiƙan Samanja, Ya zaunar da garinmu lafiya. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu in Allah Ya kai mu.