Tarihin Ingila Cikin Kalmomin Gani

Masu sauraronmu da ke koyon Ingilishi sukan yi mamakin yawan kalmomin da Turawan Ingila ke da su na gani da ido. Ga "see", ga "look", ga "watch", ga kuma "view" da "observe" da "perceive". Wanda ya bi salsalarsu zai tarar da tarihin ƙasar Ingila a jere, domin kowane zamani ya bar tasa kalmar.

A ƙarni na 5 Miladiyya ne ƙabilun Angil da Sakson suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmark, suka zauna a Birtaniya. Kalmarsu ta gani ita ce "seon", wadda ta zama "see". Har yau Bajamushe yakan ce "sehen", mutumin Holan kuma "zien", watau duka uwarsu ɗaya. Wata alamar tsufanta ita ce yadda take sauya kama zuwa "saw" da "seen", alhali yawancin kalmomin aro da suka zo daga baya ɗafa musu "ed" kawai ake yi.

Daga bakin waɗannan mutane ne kuma "look" da "watch" suka fito. Asalin "watch" shi ne zama a farke, tushenta ɗaya da "wake", kuma da ita ake kiran aikin masu gadin dare. Shi ya sa har yanzu take ɗauke da ma'anar zura ido na tsawon lokaci. A nan Bahaushe ba ya shan wahala, don kuwa yana da irin wannan rabo a harshensa: "see" gani ne, ko an yi niyya ko ba a yi ba, "look" dubawa ce da gangan, "watch" kuwa kallo ne.

A shekarar 1066 Wiliyam mai mulkin Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, inda aka kashe Sarki Harold. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na manyan ƙasa, Latin kuma na coci da malamai, aka bar wa talakawa Ingilishi. Sai a 1362 majalisa ta yi dokar a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin harshen ya komo kan matsayinsa, ya riga ya kwashi dubban kalmomi daga Faransanci.

Cikinsu akwai "view", wadda da farko take nufin binciken da hukuma ke yi wa fili ko gona. Akwai "perceive", daga kalmar Latin mai nufin kama abu gaba ɗaya, saboda haka ta fi dacewa da abin da hankali ya riska. Ita kuwa "observe" ta shigo ne da ma'anar kiyaye doka ko ibada, kuma har gobe da ita Bature ke faɗin an yi azumin Ramadan. Daga baya ne ta zama kalmar masu nazarin taurari da likitoci. Wata tsohuwar kalma, "behold", wadda ta cika fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, yanzu sai a waƙa ko a raha ake jin ta.

A 1786 wani alƙali Bature, William Jones, ya bayyana a Kalkata cewa Sanskirit na Indiya da Girkanci da Latin tushensu ɗaya. Masanan da suka biyo bayansa sun nuna cewa "videre" ta Latin, wadda ta haifi "view", 'yar'uwar "veda" ce ta Sanskirit mai nufin sani, da kuma "wise" ta Ingilishi. Ashe tun fil azal ɗan Adam ya haɗa gani da sani. Idan Bature ya ce "I see", yana nufin ya gane, kamar yadda "gane" ta Hausa ta fito daga "gani".

To, mai koyo ya lura da wannan: kalmomin aro suna da gurbinsu a rahoto da takardar hukuma, amma wanda ya cusa su cikin hira ta yau da kullum zai zama kamar mai sa babbar riga zuwa gona. Kalmar da manoman Sakson suka zo da ita shekara 1,500 da suka wuce, ita ce har yau ta fi yawa a bakin Turawa.