Daga Maɗori Zuwa Likitan Tausa

Jama'a, 'yan'uwanmu fatake da ke zuwa Dubai sayen kaya sukan komo da labarin wasu likitoci masu gyaran baya da hannu, ba allura, ba wuƙa. Samari suna ta mamaki, dattawa kuwa suka ce ai ɗori ne. To, ga asalin abin.

Mu dai mun tashi mun tarar da maɗori. In mutum ya karye ko ya yi targaɗe, shi ne zai ja ƙashin ya daidaita, ya ɗaure da karare. Larabawan Dubai ma haka suke da nasu, suna ce da shi mujabbir, tun kafin a buɗe asibitin Al Maktoum a 1951.

Amma wannan da fatake suka gani daga Amurka ta fito, sunanta ostiyofati. Wani likita ne, Andrew Taylor Still, sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku a 1864, sai ya fid da rai daga magungunan zamaninsa. A 1874 ya soma koyar da cewa lafiyar jiki tana tare da daidaituwar ƙashi da tsoka. Ya kafa makaranta a garin Kirksville a 1892. Almajirinsa Littlejohn ya buɗe wata a Landan a 1917, sa'an nan Ingila ta yi wa sana'ar doka a 1993. A Dubai ma sai da lasin hukuma ake yin ta.

Wanda ya je, za a tambaye shi yadda ciwon ya faro, a duba tsayuwarsa da sunkuyonsa, kana a tausa, a miƙe gaɓoɓi. Wani lokaci gaɓa takan yi ƙas, jiki kuma ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Takan taimaka ga ciwon baya, amma zaton Still na cewa tana maganin galibin cututtuka bai tabbata ba.

Abin lura shi ne, likitan tausa ba ya ɗora karaya, asibiti yake tura mai ita. Mu ma haka ya kamata. Ɗauri in ya matse, jini ya tsaya, hannun yaro yakan ruɓe har a yanke. Samari kada ku raina maɗori. Iyayenmu, in ƙashi ya karye a fara ɗaukar hoto. Allah ya ba mu lafiya, amin.